Kular Hajiya: wata tara muna cin abincin rana mai ƙarancin gishiri a bironmu na Yamai

Da misalin ƙarfe ɗaya saura kwata ɗan kabu-kabu yake tsayawa a ƙofar bironmu da ke Plato, da wata shuɗiyar kula ɗaure a bayan babur da igiyar roba. Baba maigadi ne ke karɓa, ya rungumo ta har ɗakin taro, ya ajiye a kan tabarma. A ciki kwanonin silba ne goma sha biyu masu murfi, kowane da alamar mai shi da jan fenti a gindi. Wata tara ke nan muna cin abincin wannan kula, daga Litinin zuwa Alhamis. Abokai na wasu ma'aikatu sun yi ta tambayata ko abin ya karɓu, ko kuwa yunwa muke sha da sunan kiwon lafiya. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Ba zan faɗi sunan mai girkin ba, domin ba ta da kanti, ba ta da allo, a gidanta take dafawa, kuma ba ta ce in tallata ta ba. Hajiya muke ce mata.

Ni mai lissafin kuɗi ne a wani ƙaramin kamfanin kayan gini. Shekaruna 47, kuma 14 daga ciki a kujera ɗaya na yi su. Kafin kular nan, cimarmu a wurin aiki irin ta kowa ce a Yamai. Da safe a tsaya teburin mai shayi: rabin burodi an shafe shi da mayonez, ƙwai biyu sun sha mai da dunƙule, kofi da madarar gwangwani mai zaƙi. Da rana a aiki yaro bakin titi ya sayo shinkafa da miya a leda, mai kwance a sama ja wur, a kora da lemun kwalba mai sanyi. Bayan Azahar Baba ya ɗora shayi, na ɗaya, na biyu, na uku, kowane da sukarinsa. In an tashi, a biya wurin mai tsire. Tsakanin waɗannan duka zama ne gaban kwamfuta, kuma tafiyar da ta fi tsawo a wuni ita ce daga kujera zuwa inda aka jingine babur.

Wata Talata cikin Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, mai kula da sitonmu ya tsuguna yin alwalar Azahar. Ina kusa da shi. Buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu, ya kai hannun zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya ɗago ya dube ni zai yi magana, sai na ga bakinsa ya karkace gefe guda, maganar tana fitowa kamar ta mai magagin barci. Wani ya ce a shafa masa ruwa a bar shi ya huta. Allah ya taimake mu sakatariyarmu ta taɓa ganin irin wannan ga mahaifinta, ta ɗaga murya ta ce a tada mota yanzu-yanzu. A asibiti aka auna tansiyonsa, wato awon hawan jini, aka sami 21, abin da na'ura ke rubutawa 210. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau hannun bai dawo ba, kuma bai koma aiki ba. Mutum ne mai shekara 52, mai iyali takwas, wanda bai taɓa cewa ko kansa na ciwo ba, bai kuma taɓa auna tansiyo ba a rayuwarsa.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muka yi karo-karo muka sayi na'urar awon tansiyo a farmasi, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Ga wanda bai saba ba: abin da likitocinmu ke kira 14 bisa 9 shi ne na'urar ke rubutawa 140/90, kuma daga nan zuwa sama ake kiransa hawan jini, in an auna a ranaku daban-daban an same shi haka. Mu goma sha ɗaya muka auna, huɗu suka haura. Ina cikinsu, da 16 bisa 10. Ban ji komai a jikina ba, ko ɗigo. Likitan da na gani ya ce ai haka ciwon yake, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Ya rubuta mini magani, sannan ya yi mini bayanin gishiri: yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan jinin da ke bin jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, shekara da shekaru, har wata jijiya ta toshe ko ta fashe. Ya ce abin da OMS ta yarda babba ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, amma yawancin mutane suna cin ninkin haka har da ɗoriya. Na ce masa zan gaya wa uwargida. Ya ce, "To Malam, uwargida ce ke dafa maka na rana?"

Wannan tambaya ce ta kai mu ga Hajiya. Gwaggon sakatariyarmu ce ta wajen uba, Ba'adara ce daga wajen Tawa, tana zaune a Bukoki. Maigidanta ya yi shekara goma sha ɗaya da hawan jini kafin Allah ya yi masa rasuwa, kuma duk tsawon shekarun nan tukunyarsa daban take ɗorawa. Ba makarantar girki ta yi ba. Jinya ce ta koya mata.

Kafin mu ƙulla, na je gidan wata Asabar da hantsi don in gani da idona, tunda ni zan riƙe kuɗin. Na same ta zaune kan kujera ƴar tsugune gaban turmi, jikarta na fifita gawayi. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, an ce ba kya sa magi. To da me miya za ta yi daɗi?" Ba ta amsa ba, sai ta karkato mini turmin. Daddawa ce a ciki, da busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, da citta, da masoro, da kanumfari ƙwaya uku, da tafarnuwa. Ta ce, "Sunsuna, ɗana." Ƙamshin ya tuna mini da miyar kakata a ƙauye, tun kafin dunƙule ya shigo kowace tukunya. Sannan ta ɗauko albasa, jar nan ta Galmi, ta yanka manya shida, ta zuba a tukunya da mai ludayi ɗaya, ta rage wuta. Ta fi minti ashirin tana juyawa har albasar ta narke ta yi ruwan zuma. Ta ce, "Zaƙin miya nan yake. Masu sauri ne ke neman shi a takarda." Da aka zo sa gishiri, sai ta ciro ƙaramin cokali daga cikin wani gwangwani, ta cika ta shafe bakinsa da yatsa, sau biyu, ga tukunyar mutum goma sha biyu. Ta mayar da murfin gwangwanin ta tura shi can ƙarƙashin gado.

Na yi lissafin a zuci tun ina tsaye. Cokali biyu ba su wuce giram 12 ba, ke nan kowane kwano ya tashi da giram ɗaya, sai ɗan abin da ke cikin kifi da daddawa. Kwatanta da dunƙule, wanda wajen rabin nauyinsa gishiri ne: babba ɗaya mai giram 10 ya kusa cinye rabon mutum na wuni gaba ɗaya, kuma kowa ya san mai abincin bakin titi ba ɗaya take jefawa ba, ga farin magi, ga gishirin kansa, ga yajin da aka daka da wani dunƙulen. Abin da ban sani ba sai a bakinta shi ne kanwa. Ta ce likitan marigayi ya hana shi, domin sinadarin da ke tada tansiyo a gishiri, sodiyam, shi ne dai a cikin kanwa. Daga baya na karanta cewa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Saboda haka wakenta ba ya ganin kanwa. Tun dare take jiƙa shi, da safe ta zubar da ruwan, ya dahu lugub ba tare da komai ba.

Yanzu ga abincin kansa. Litinin shinkafa da wake, waken ya fi shinkafar yawa, da soyayyar albasar nan da ɗanyen tumatir da kabeji a gefe. Talata tuwon hatsi da miyar kuɓewa ko kuka. Laraba dambu. Alhamis kifi.

Dambun Laraba shi ne abin da zan sa a gaba in an ce in kare Hajiya a gaban kowa. Duk wanda ya zauna Yamai ya san dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, kuma ya san yadda ake tsiyaya masa mai har ya riƙa naso a leda. Nata ba haka yake ba. Zogalen ya fi tsakin yawa, kusan biyu bisa ɗaya, kore shar, ba a dafa shi har ya yi baƙi ba. Tana daka ƙuli-ƙuli ta barbaɗa, ta yanka ɗanyar albasa da tattasai, ta matse lemun tsami, man gyaɗa kuwa cokali ɗaya ne a kwano, a gaban idonka za ka ga iyakarsa. Tsamin lemun shi ke rufe gurbin gishirin, har ba ka tuna da shi. Ka ci ka ƙoshi, amma ba irin ƙoshin da ke sa kai ya yi nauyi a kan tebur da ƙarfe uku ba. OMS na son mutum ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a wuni, kuma a cikin ganye da wake akwai potasiyam da ke taimaka wa jiki fitar da gishiri. Ban taɓa ɗora kwanon a sikeli ba, amma na tabbata ranar Laraba muna cin ganyen da a da ba ma ci a mako guda.

Kifin Alhamis karfasa ce ta kogi, wadda take saye da sassafe, ta tsaga, ta cusa mata dakakkiyar citta da tafarnuwa, ta gasa a kan gawayi maimakon ta tsoma a mai. Fatar takan ɗan ƙone a gefe, naman ciki fari tas yana tururi. Da dankalin Hausa dafaffe ake haɗawa, wani lokaci kabewa. Tun da sanyi ya shigo, lambunan bakin kogi suka cika kasuwa da salati da karas da tumatir, kwanon Alhamis ya ƙara kyau, har da yankan kankana ko gwaiba a ƙaramar roba. Nama kuwa sau ɗaya ne a mako, yanka biyu marasa kitse a miyar Talata. Masu son nama sun yi gunaguni a kan wannan, kuma har yau suna yi.

Kada in ɓoye, makonni biyun farko sun yi wuya. Ranar farko aka buɗe kwanoni, aka kai loma, ɗakin ya yi tsit. Direbanmu ya ce, "Wannan ai abincin asibiti ne, lami." Akwai wanda ya riƙa ɓoye dunƙule a aljihun tebur yana murmushewa a kwanonsa in ya ga ba mai kallo. Mutum biyu suka fita daga tsarin, ɗaya ya dawo bayan wata guda. Ni ma na sha jin kamar an manta da wani abu a miyar. Na kira Hajiya na ce ko za ta ɗan ƙara, ta ce, "Ɗana, ku ba harshenku wata ɗaya. In bai saba ba, in mayar muku da kuɗinku." Gaskiyarta. Wajen mako na huɗu na je sunan ɗan ƙanena a Lazare, aka kawo shinkafa dafa-duka irin wadda na saba ci ina santi, na kai loma uku na ajiye cokali. Gishiri ne zalla nake ji, har leɓena na zafi, na kwana ina shan ruwa. Abincin bai canja ba, bakina ne ya dawo daidai.

To, sai inda take da gyara, kuma ba kaɗan ba ne.

Na farko lokaci. Ƙarfe ɗaya saura kwata muka yi da ita, amma a wata ba a rasa kwana huɗu ko biyar da kula ke isowa bayan ɗaya da rabi. Da damina abin ya fi muni. Wata rana cikin Agusta, bayan ruwan da ya cika hanyoyin Bukoki, sai ƙarfe uku saura ta iso, tuwon ya huce ya sandare. Kafin nan rabin mutane sun aika an sayo musu na bakin titi, wato an koma gidan jiya. Matsalar ita ce ɗan kabu-kabu ɗaya ta dogara da shi, in ya sami fasinja mai nisa sai mu jira. Mun yi magana ya fi sau uku, takan ba da haƙuri da gaske, a gyara mako biyu, a koma.

Na biyu miyar Talata. Kuɓewa ba kanwa ba ta yauƙi yadda muka saba, takan tsinke ta yi ruwa-ruwa, ga tuwon hatsi da ke son miya mai kama shi. Kukar ta fi dama-dama, amma ita ma akwai ranar da daddawa ke yi mata yawa har ta yi ɗaci. Na fahimci dalilin, kuma ban ce ta mayar da kanwa ba. Sai dai in faɗi gaskiya: Talata ce ranar da kwanoni ke komawa da saura, kuma har yanzu ba ta samo dabarar da ta samo wa dambu ba.

Na uku, hannunta na da nauyi wajen shinkafa. Uwa ce, tana ganin in kwano bai yi tozo ba ba ta ciyar da mutum ba. Ga mai ɗaukar siminti wannan daidai ne. Ga wanda zai koma ya zauna gaban kwamfuta har yamma, ya yi yawa, musamman mu da likita ya ce mu rage tumbi. Sai da na ce mata, "Hajiya, don Allah kwanon da ke da ɗigo biyu a gindi a rage masa shinkafa a ƙara ganye," sannan ta fara, tana yi tana cewa za a ce ta yi mana rowa. Haka zoɓon da takan haɗo mana kyauta ranar Alhamis: ta rage gishiri a miya, amma sukarin zoɓon kamar na biki. Muka roƙe ta ta riƙa aiko shi ba sukari, da citta da na'ana'a kawai. Da farko ma a leda take ƙulla miya da zafinta. Mu muka sayi kwanonin silban, jaka ɗaya da rabi, wato sefa 1,500, kowane, aka huta.

Sai kuɗi, kuma a nan ne zan daɗe, domin shi ya fi damuna. Kwano sefa 1,000 ne, da kuɗin kawowa a ciki. Wanda ya biya na wata gaba ɗaya, jaka 16. In ka dubi kifin da ganyen da gawayin da aikin, ba ta cuce mu ba, na ma san ribarta ba ta taka kara ta karya ba, don na taɓa zama na yi mata lissafin cefanen mako. Amma mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun 2024, kuma Baba maigadi da yaron aikenmu ba su yi nisa da wannan ba. Jaka 16 ta fi kashi ɗaya cikin uku na abin da suke ɗauka. Watan farko haka muka riƙa shiga ɗakin taro muna cin kifi, Baba da ya ɗauko mana kular yana waje da garin rogo da ƙuli na dala ashirin, wato sefa 100. Kuma a cikin mutum huɗun da tansiyonsu ya haura, nasa ya fi na kowa: 17 bisa 10. Abin ya tsaya mini a rai. Ciwon zuciya ba na masu kuɗi ba ne kamar yadda ake faɗa a fada. Cikin mutum miliyan 17.9 da OMS ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, irin namu.

Na shiga wurin darakta da takarda a hannu. Na nuna masa abin da kamfani ya kashe a jinyar mai sito, da watannin da aka yi ana biyan wanda ya riƙe masa aiki, na ajiye kusa da jaka 32 a wata na kwano biyu. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce kamfani zai ɗauki rabi in mu za mu ɗauki rabi. Muka raba jaka 16 a tsakaninmu. Da Hajiya ta ji labari ta ce kwanon Baba ta rage masa dala arba'in, "tsoho ne, kuma shi ke ɗaukar mini kaya." Duk wanda zai kawo irin wannan tsari a ma'aikatarsa, ina roƙonsa ya fara lissafi daga maigadi da direba da mai shara. In ba su shiga ba, waɗanda suka fi bukata aka bari a waje.

Akwai abubuwan da kular ta jawo waɗanda ba a cikin ciniki suke ba. Da kowa a teburinsa yake ci, hannu ɗaya a leda, ɗaya a kan lissafi. Yanzu dole ka tashi, ka wanke hannu, ka zauna a tabarma da mutane na minti ashirin. Daga nan aka fara cewa tunda an tashi, me zai hana a tafi La'asar masallacin da ke can gaba maimakon na ƙofar biro. Tafiyar minti goma ce zuwa, goma dawowa. A kwana huɗu minti 80 ke nan, fiye da rabin minti 150 da OMS ke so a mako, ni kuma ina cike sauran da zagayen filin wasa na Seyni Kountché ranar Asabar da Lahadi bayan Asuba. Shayin Baba yana nan, ba wanda ya isa ya hana shi, amma sukarin da ke ƙarewa a kwana biyu yanzu yana kai kwana biyar, kuma yawancinmu a na biyu muke tsayawa. Masu shan taba su biyu ne, ɗaya ya bari, ɗayan yana fita can bakin titi, wanda dama dokar 2006 ta hana sha a wurin aiki, mu ne muke kawar da kai. Na'urar awo tana aljihun teburin sakatariya. Kowace Litinin da safe, kafin kowa ya sha shayi ko ya ci goro, a zauna minti biyar shiru, baya a jingine, hannu a kan tebur, a auna sau biyu, ta rubuta a littafi.

Abin da kula ba ta iya gyarawa shi ne ƙarshen wata, lokacin da nake kaiwa tara na dare ina rufe lissafi. A 2021 OMS da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar jikinsa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. A littafin sakatariya ma ana gani: awona na Litinin ɗin farkon wata kullum ya fi na tsakiya. Wannan magana ce tsakanina da darakta, ba ta Hajiya ba, kuma ba mu gama ta ba.

Yau tansiyona yana tsakanin 13 bisa 8 da 13 da rabi, na rage kilo 5, ɗamarar wandona ta matsa huda biyu. Amma ina shan maganina kowace safiya ba fashi, saboda haka ba zan ce dambu ne kaɗai ya yi aikin ba. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya faru da direbanmu. Da ya ga awonsa ya sauka, sai ya bar magani ba tare da ya gaya wa kowa ba, wai abincin Hajiya ya warkar da shi. Mako uku aka auna aka sami 18. Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa abokin aiki ba, na tuna masa da butar da ta faɗi a gabanmu. Hajiya ma da ta ji ta aiko masa da saƙo ta bakin ɗan kabu-kabu, cewa maigidanta shekara goma sha ɗaya yana cin girkinta kuma bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba, in ya sake bari ta daina zuba kwanonsa. Ya koma wurin likita washegari.

Ko zan ba wani shawarar ya shiga? Ƙwarai kuwa, in zai iya haƙurin wata ɗaya, kuma in aikinsa zai jure abinci ya makara wani lokaci. Sai dai ita Hajiya ta ce ba za ta wuce biro biyu ba, tukwanenta da ƙarfinta iyakarsu ke nan, kuma na biyun ma ya samu. Amma masu girki irinta suna nan a kowace unguwa, daga Yantala har Talaje, matan da suka yi jinyar miji ko uwa suka iya tukunyar mai tansiyo. Ku nemi ɗaya, ku je gidanta ku ga turminta da cokalin gishirinta, ku yi magana a fili a kan dunƙule da kanwa da mai, ku biya ta kuɗin wata tun farko don ta iya cefane da daraja, kuma ku tanadi ɗan kabu-kabu na biyu.

Azumi ya ƙarato, za a ajiye kula wata guda, kuma ta riga ta gaya mana cewa bayan Salla kwano zai koma sefa 1,100 saboda tsadar gawayi da kifi. Mun amince. Kwano na goma sha biyu kuwa, mai alamar kuros a gindi, na mai sitonmu ne. Tun watan Satumba, kowace Laraba in an sauke namu, ɗan kabu-kabu yakan haye gadar Kennedy ya kai masa dambunsa gida a Harobanda, mu biya dala ɗari na hanya. Matarsa ta zo Bukoki sau biyu ta zauna gaban turmin Hajiya tana kallo, yanzu ita ke yi masa na sauran kwanakin, har da na azumin da za a shiga.